Takarkarin Ƙarfen da Ya Ɗauko Nenne

Sai da muka bar Maigatari a baya na yarda cewa da gaske mun fita daga ƙasarmu mun tsallaka iyaka. Gawo da aduwa duk irin namu ne, mutane kuma Hausa suke yi, amma allunan bakin hanya sun koma wani rubutu da na kasa karantawa, ni da nake aji uku a ƙaramar sakandare a Dutse. Jandarman da ya tsayar da mu ya duba takardun Baba, ya zagaya babur ɗinmu yana kallon dogayen ƙafafunsa.

"Malam, wannan moto ne ko raƙumin dawa?"

"Babur ne, ranka ya daɗe."

"Ita kuma yarinyar, ina za ka kai ta cikin wannan zafi?"

"Ai ita ce shingen," in ji Baba.

Jandarman bai gane ba, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Ni na gane, sai na ja hijabina na rufe baki.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Nenne, tana zaune da Kawu Buba da shanunsu a wata rijiya can gabas da Tanut. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, Ummi yake ce mini. Yanar ido ta rufe wa Nenne idanu duka biyu. Kawu Buba ya bugo waya daga kasuwa ya ce ta taka garwashi ta ƙone a ƙafa, kuma rijiyar tana ja baya. Da zarar ta ƙafe za su tashi su nausa gabas, shi kansa bai san inda za su yada zango ba. Likita a Dutse ya gaya wa Inna cewa irin wannan yanar ana cire ta, in dai an kawo mai ita. Mota ba ta kaiwa rijiyar, ƙugun Nenne kuma ba zai jure doguwar tafiya a kan jaki ba. Ya rage babur.

To amma tun da Baba ya auri Inna, Nenne ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ba ta taɓa cin abinci yana gani ba. Shi ma in ya hango ta a hanya sai ya cire takalmi ya kauce. Yaya za a yi ta zauna a bayan surukinta ta riƙe masa riga? Gara ta mutu a makance. Inna tana jego. Ni kuwa ina hutu, ba ni da nauyi, ba ni da surutu. Aikina a wannan tafiya shi ne in zauna a tsakiya.

Baba gyaran babura yake yi a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin titi a Taura. Wannan babur ɗin ya saye shi ne a gwanjon kayan malaman gona, irin dogon nan da aka ƙera don kwalta da daji duka. Kafin mu taso ya riga ya yi masa abin da za a iya yi a gida. Ya tsawaita sirdin da sabon soso, ya sa aka yi waldar ƙarin matakan ƙafa guda biyu, ya canza shokozoban baya da mai tauri. Ya yanko ƙarfe daga wani tsohon baro ya rufe cikin injin da shi don kada dutse ya fasa, ya lanƙwasa rodi ya kare hannuwa daga ƙaya. Abokan aikinsa suna ta yi masa tsiya, wai yana yi wa tsoho kwalliyar angwanci. Sauran kayan, wato tayoyin rairayi da tub mai kauri da babban farantin sarƙa, an ce masa a Damagaram ake samun nagari.

A Damagaram muka sauka gidan wata mai sayar da abinci, Hajiya Zara, ƙanwar wani direba da Baba ya sani. Baba ya kwana a zaure, ni a ɗakinta. Da safe ta miƙo mini burodi dogo kamar sanda, mai tauri a waje, na rasa ta inda zan fara. 'Yan matan gidan suka kewaye ni suna tambaya.

"Ke 'yar Najeriya, ba ki magana ne? A lakwal ɗinku, makarantar bokon nan, ba a koya muku baki?"

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Miyar kukarsu ba daddawa sosai, sai na tuna da ta Inna, na tuna da ƙamshin kan jaririnmu, hawaye ya taho. Hajiya Zara ta gani. Ta jawo ni ta zaunar a gabanta ta warware mini kitso ta sake sabo, ƙanana masu kwanciya, ta ce irin wannan rairayi ba ya shiga cikinsa.

A kasuwar kayan babura wani mai shago ya tare mu tun daga nesa. Fari ne siriri, yana ta taunar asuwaki.

"Ɗan'uwana na Najeriya! Shigo, shagonka ne. Abin da kake nema ba ya wajen kowa sai ni."

Ya fito da tayoyi masu manyan ƙuraje kamar bayan kada, ya fito da tub biyu masu nauyi a hannu. Waɗannan duka nagari ne, ban zalunce shi ba. Sannan ya shiga can ciki ya ɗauko farantin sarƙa a nannaɗe cikin takarda mai maiƙo, baƙi wul yana sheƙi. Shi ne faifan ƙarfe mai haƙora da ke jikin ƙafar baya, wanda sarƙa ke ja. Ya fi namu faɗi sosai.

"Wannan daga jirgin ruwa sai hannuna," in ji shi. "Jikokinka za su gada."

Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya saya. A ƙofar gidan Hajiya Zara ya baje kayan aikinsa, ni ina miƙa masa sifana. Ya ce mini babban faranti yana rage wa babur gudu ya ƙara masa ƙarfin ja, kamar bambancin doki da sa. Mu kuma sa muke so. Da ya zo kan matatar iska ya tsaya yana kallon bakinta, ya murza ƙasar wurin a yatsunsa, sannan ya kalli ƙafata.

"Ummi, ara mini safarki ɗaya."

Farar safar makaranta ce mai shuɗin layi biyu. Ya jiƙa ta da baƙin mai, ya matse, ya saka wa bakin matatar kamar hula, ya ɗaure da roba. Na ga safata ta koma kalar toka, na tuna da shugabar ɗalibai mai duba ƙafafu a layin safe. Da ya tayar da injin na ga safar tana shiga tana fita kaɗan-kaɗan kamar tana numfashi. Daga ranar na fara jin cewa babur ɗin nawa ne ni ma.

Hanyar Tanut doguwa ce, kwaltar ta ɓaɓɓalle a wurare da yawa. Bishiyoyi suka yi ta gajarta har suka koma ƙaya tsirara. Muna dab da gari sarƙa ta fara tsalle, kas, kas, duk sanda Baba ya ƙara wuta. Ya tsaya ya duba. Haƙoran sabon farantin duk sun kwanta gefe ɗaya kamar gero bayan iska, baƙin fentin ya goge, ƙarfen ciki fari fat. Baba ya daɗe a tsugunne.

"Ya ce jikokina za su gada," ya faɗa a hankali. "Ko 'yata ba ta gada ba."

Tura babur ɗin muka yi muka shiga Tanut. Aka nuna mana rumfar wani maƙeri Buzu, Malam Agali, dattijo mai shuɗin rawani da ya rufe masa baki, idanunsa kawai ake gani. Ya goga magagari a jikin farantin sau ɗaya, ƙarfen ya zubo kamar gari.

"Gwangwanin madara suka narka maka," in ji shi. "Ina za ku?"

Baba ya gaya masa, har da maganar Nenne da dalilin zuwa da ni. Malam Agali ya kalle ni. Sai ya juya wajen murhunsa, ya sauke butar shayi. Abin da butar ke zaune a kai wani tsohon farantin sarƙa ne, babba, ya yi baƙi da hayaƙi. Ya ce daga babur ɗin wasu baƙi ya cire shi, da ya ƙone musu a daji shekarun baya. Ya tsoma shi a ruwa, ya kankare, haƙoran suka fito cif, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Hujojinsa ba su yi daidai da na ƙafar babur ɗinmu ba, suka wuni shi da Baba suna awo suna huda sababbi. Da Baba ya sa hannu a aljihu, Malam Agali ya riƙe masa hannun.

"Tsohuwa za ka ɗauko. Bar ni in samu rabona a ciki. Ka bar mini gwangwaninka in ɗora buta."

Kafin mu tashi ya tambaye mu ko mun san rairayi. Baba ya ce ai daga Jigawa muke.

"Suna kawai kuka haɗa da rairayi," in ji shi, idanunsa suna dariya. Ya ce da mun sauka daga ƙasa mai tauri mu sace iskar tayoyi har su yi laushi, don su baje kamar tafin raƙumi. Sannan ya tsuguna wajen bawul, ɗan bututun nan da ake hura iska ta cikinsa, wanda ke leƙowa ta hujin rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Akwai ɗan noti da ke matse shi a jikin rim ɗin. Ya kwance notin ya mayar da shi can sama kusa da murfi.

"Bar shi sake. Taya mai laushi tana zamewa a kan rim, tana jan tub. In notin yana sake, bawul zai karkace ya gaya maka. In ka ɗaure masa wuya, sai dai ka ji ya tsinke."

Matarsa ta ba ni cuku, busasshen nonon da suke yi, a ƙullin tsumma, ta shafa mini kwalli, ta ce yana rage ƙyallin rana.

Ashe ba mu san rairayi ba. Farkon shigarmu babur ya yi ta wutsil-wutsil kamar kifi, muka faɗi har ban san adadi ba. Faɗuwar ba zafi, sai dai kunya, ko da yake ba mai ganinmu sai wani raƙumi da ya daina kiwo yana kallo. A hankali Baba ya gane kansa. In gaba ya fara rawa ba a rage wuta, ƙarawa ake yi. Ya ce in matsa baya in saki jikina. Farantin Malam Agali ya riƙa jan mu a hankali, ƙurajen taya suna watsa rairayi baya, muka fara hawa tuddai muna sauka kamar a kwalekwale. Na ji Baba yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

Muka kwana a wata ruga. Da asuba Baba ya zagaya babur da sifana kamar yadda yake yi wa kowane babur da aka kawo masa a Taura, yana taɓa kowane noti, wanda ya samu sake ya ɗaure. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ji fus, baya ya zauna. Da ya ciro tub ɗin, bawul ya rabu da shi gaba ɗaya, ya bar rami kamar an ƙwaƙule ido. Irin wannan ba ya facuwa. Baba ya kalli notin a ɗaure tam a jikin rim, ya kalli hannunsa.

"Kai, wannan hannu! Shekara da shekaru yana ɗaure noti, an ce masa bari, bai ji ba."

Ya sa tub na biyu, wanda daga shi ba wani. Ya mayar da notin can sama, ya ce mini, "Ummi, ko ni kika ga na nufo shi da sifana, ki buge mini hannu."

Rijiyar Kawu Buba tana cikin wani kwari. Tun daga nesa na ga yadda jakin da ke jan guga yake tafiya mai nisa kafin gugan ya fito, kuma in ya fito rabinsa laka ne. An riga an fara kwance wasu bukkoki. Baba ya kashe babur nesa da ruga, ya cire takalmi, ya tsuguna a bayan wani shingen ƙaya. Ni na shiga.

Nenne tana zaune a kan fata, ta rame, idanunta fari kamar an ɗiga nono. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta taɓa kitson Hajiya Zara.

"Takwara! Kin yi tsawo kamar karan dawa, amma ba nama. Boko ba ya ba ku abinci? Wannan kitso kuma na wace ƙasa ne?"

Aka yi gaisuwa. Baba yana jin ta, tana jin sa, tsakaninsu bai fi tsawon igiyar shanu ba, amma komai sai ya bi ta kaina.

"Ki ce wa baƙon nan sannu da hanya."

"Baba, ta ce sannu da hanya."

"Ki ce mata yaya ƙarfin jiki."

"Nenne, ya ce yaya ƙarfin jiki."

Kawu Buba yana gefe yana danne dariya. Ni da ba na iya ɗaga hannu a aji, ranar na yi magana fiye da ta zangon karatu guda.

Nenne ta ce ba za ta hau abin da ba ta sani ba, a kai ta ta gan shi. Baba ya ja da baya, na riƙe hannunta na kai ta. Ta shafa shi kamar yadda ake duba sa a kasuwa, ta bi sirdin da tafin hannu, ta danna, ta lalubi ƙurajen taya, ta ƙwanƙwasa ƙarfen baro na ƙasa, har ta taɓa safata ta shinshina yatsanta.

"Takarkari ne," ta ce, "sai dai ba gashi. Wa ya yi masa wannan shimfiɗar?"

"Baba ne."

"Hm. Ki ce wa mai shi bayan ya yi faɗi daidai."

Kayanta kaɗan ne, amma ta dage sai ta tafi da ƙaramar ƙwaryarta da kirinta, wata doguwar igiyar fata da ta murɗa da hannunta, wadda take ɗaure kaya da ita a kan takarkari in za a tashi. Na ga Baba ya kalli kirin, ya kalli babur ɗin da ya riga ya sha kaya, jarkar mai a gefe ɗaya, ta ruwa a ɗaya. Ba shi da bakin cewa a bari. Ta naɗe shi a ƙugunta.

Muka taso da sassafe, Baba a gaba, ni a tsakiya, Nenne a baya ta rungume ni har ina jin ƙasusuwanta. Da mutum uku babur ya ƙara nutsewa, dole Baba ya ƙara sace iska. Injin yana gurnani, amma yana tafiya. Nenne tana ta salati a kunnena, wani lokaci kuma ta yi masa tsawa irin ta shanu.

Da rana ta take muka tsaya ƙarƙashin wata ƙaya mai 'yar inuwa. Baba ya koma can gefe ya ba mu baya don Nenne ta samu ta sha ruwa. Ni kuwa tun da tub na farko ya tsinke, duk tsayawa sai na leƙa bawul. Da safe yana tsaye kamar soja. Yanzu na same shi ya karkace sosai, kamar mai ruku'u, gindinsa ya ja har robar ta yi fari.

"Baba," na ce. Bai ji ba. Na tattara duk muryar da nake da ita. "Baba! Bawul ya kwanta!"

Ya taho da gudu. Ya sace sauran iskar, ya tattaka gefen tayar har ta saki, ya murza ta baya a kan rim sai da bawul ya miƙe, ya hura da famfo. Ya ƙara iska fiye da da, ya hau shi kaɗai ya gwada, ƙafar baya ta tona rami ta zauna. Ya rage iskar, ya zagaya kaɗan, ya dawo, bawul ya fara karkacewa kuma. Da tauri ba ma tafiya, da laushi tub zai tsinke. Rugar Kawu ta yi nisa a baya, Tanut ta fi nisa a gaba, ruwanmu bai kai rabin jarka ba. Baba ya zauna a ƙasa ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa ba hula a waje ba.

"Takwara, me ya samu takarkarin?" in ji Nenne.

Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce, "Fatar ƙafarsa ce take zamewa a kan ƙashi, kamar yadda kaya ke zamewa a bayan sa."

"To kayan da ke zamewa ai ɗaure shi ake yi. Ki tambayi mai shi, akwai inda igiya za ta bi?"

Na tambaya. Baba ya ɗago kai a hankali. Ya kalli tsakanin wayoyin ƙafar, ya sa yatsa ya auna ratar da ke tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita, da gefen sarƙa.

"Ki ce mata akwai, in siririya ce. Amma igiya za ta saki."

"Ki ce masa tasa ce ke saki."

Ta kwance kirin daga ƙugunta, ta warware shi sili-sili, ta ce in zuba ruwa a ƙwarya. Na kalli Baba, don ruwan shanmu ne. Ya gyaɗa kai. Ta jiƙa fatar tana murzawa har ta yi laushi kamar tsumma. Sannan ta ce, "Ki ce masa rana ta yi masa yawa a nan." Baba ya gane, ya tashi ya koma bayan wani tudu, don ba za ta yi aiki yana tsaye a kanta ba.

Muka tsuguna ni da ita. Ni ce idonta. Ina kama yatsunta in kai su tsakanin waya da waya, in ce mata nan ne kwarin da ke tsakanin ƙuraje, don fatar ta kwanta a ciki kada ƙasa ta cinye ta. Ita kuma ta zagayo da silin ta cikin rim ta kan taya, ta taka da ƙafarta mai lafiya, ta ja har jijiyoyin wuyanta su fito, ta yi wani ƙulli da ban taɓa gani ba, ƙarami, ta cusa bakinsa ciki. Muka bi ƙafar muna juyawa har muka dawo inda muka fara. Ta ce a bar shi a rana. Muka zauna muna jira, leɓuna sun bushe. Fatar ta riƙa bushewa tana tsukewa, har ta nutse cikin robar. Da Baba ya dawo ya gwada sa farce a ƙarƙashinta ya kasa. Ya kaɗa ta da yatsa ta yi ƙara kamar tsirkiyar garaya.

"Ummi," ya ce, muryarsa ta canza, "ki ce mata... ki ce mata an gode."

"Ki ce masa ya ja mu, rana na tafiya."

Muka ci gaba. Duk tsayawa ina leƙawa, bawul yana tsaye. A wani dogon tudu, muna dab da kai, gaba ya ɗaga sama, babur ya karkata kamar zai kifar da mu. Na ga hannun Nenne ya wuce ta gefen kunnena ya damƙi rigar Baba a kafaɗa. Baba ya kafa ƙafa, ya ƙara wuta, muka haye. Hannun ya koma cikina da sauri. Ba wanda ya ce komai, a ranar ko bayanta. Ni ma sai yau na faɗa.

Da muka hau ƙasa mai tauri duwatsu suka fara cin fatar, sili ɗaya bayan ɗaya yana tsinkewa yana faɗuwa. Amma a lokacin an riga an hura taya ta yi tauri, hasumiyar masallacin Tanut kuma tana gabanmu. Malam Agali ya fito daga rumfa ya tsuguna ya daɗe yana duba ƙullin da ya rage.

"Wannan ba aikin maƙeri ba ne," ya ce. "Wa ya yi?"

Na nuna Nenne. Ya sa hannu a ƙirji ya gaishe ta da yarensu, ta amsa da nata, ya ɗora buta a kan gwangwaninmu.

Daga Tanut a mota muka taho ni da ita, Baba yana bin mu a baya. A Dutse aka yi mata aikin, ido ɗaya da farko, ɗayan daga baya. Ranar da aka cire mata auduga ta kalli Inna ta ce ta tsufa, ta kalle ni ta ce ashe na fi abin da hannu ya gaya mata muni. Muka dawo Taura, Baba ya kwashe kayansa ya koma zaure don ta sake a cikin gida.

Washegari da hantsi ta ce in kai ta wajen takarkarin. Yana jingine a ƙofar gida, Baba ya wanke shi. Da ya ji tahowarmu ya shige zaure ya saki labule. Nenne ta zagaya babur ɗin a hankali, wannan karon hannuwanta a baya. Ta ga ƙarfen baro duk ya lotsa, ta ga rodin hannu ya karce, ta ga safata baƙa ƙirin. A ƙafar baya sili ɗaya na kirinta yana nan. Baba ya wanke ko'ina, amma bai yanke shi ba.

Ta tsaya a kansa ta daɗe. Na jira ta ce "ki ce masa", na shirya bakina. Ba ta ce ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan tankin, ta ɗaga murya yadda na tabbata ta ratsa labule.

"Kai takarkari, ka ɗauko ni ina cikin duhu ka kawo ni haske, ba ka yar da ni ba. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka 'ya'yan da za su ɗauke ka in ƙafarka ta gaza."

Babur dai ba ya haihuwa, kowa ya sani. Daga cikin zaure na ji sifana ta faɗi ƙasa, sannan muryar Baba ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ummi, ki ce amin."

Na ce amin, da ƙarfi, har masu wucewa a titi suka waiwayo.